Bugun besbol: abin da Oh Sadaharu ya koya a ɗakin malaminsa

A Japon da Amurka da tsibiran Karayib, wasan besbol yana da matsayin da tamola take da shi a sauran duniya. Malaman wasan sun daɗe suna gardama bisa tambaya guda: yaya ake koya wa yaro bugun ƙwallon da ke iso masa kafin ya ƙifta ido sau biyu? Wasu sun ce maimaici ne magani, wasu sun ce yawan gyara yana kashe baiwa. Tarihin Oh Sadaharu da malaminsa Arakawa Hiroshi, da binciken da masana suka yi daga baya, sun nuna inda kowane ɓangare yake da gaskiya.

Aikin da gwani yake faɗuwa sau bakwai cikin goma

Ga wanda bai taɓa kallon besbol ba, ga yadda zuciyar wasan take. Mutum biyu ne suke fuskantar juna: mai jifa da mai bugu. Tsakaninsu akwai metir 18,44. Mai jifa yana wurgo ƙwallon fata mai nauyin gram 145 ko kusa da haka, shi kuwa mai bugu yana riƙe da sandar icce mulmulalla wadda kaurinta bai kai santimetir 7 ba. In ya bugi ƙwallon ya faɗi inda abokan hamayya ba su iya cafke shi, sai ya ruga ya taka matsayi na farko daga cikin huɗun da ke kewaye da fili. In ya buga shi har ya tsallake katangar fili, shi ne ake kira hom-ran, bugun da ya fi kowane daraja. In kuwa ya kuskure sau uku, ya fita ke nan.

Wahalar tana cikin lokaci. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilometir 145 a awa yana isowa cikin kashi 4 bisa 10 na daƙiƙa. Kaɗa sandar kanta tana cin wajen kashi 15 bisa 100 na daƙiƙa. Abin da ya rage wa mai bugu domin ya ga ƙwallon, ya gane irin jifar, ya yanke shawarar bugu ko bari, bai wuce rubu'in daƙiƙa ba. Haɗuwar sanda da ƙwallo kuwa ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Shi ya sa mai bugun da ya ci nasara sau uku cikin goma ake lissafa shi cikin gwanaye. Ted Williams na ƙungiyar Boston ya haura sau huɗu cikin goma a 1941, kuma tun daga shekarar babu wanda ya sake yin haka a cikakkiyar kakar wasa ta manyan gasannin Amurka biyu.

Tun da tunani ba ya da wurin shiga cikin wannan ɗan lokaci, dole jiki ya riga ya san aikinsa. Daga nan ne horo na maimaici ya samo hujjarsa.

Yaron bakin kogin Sumida

An haifi Oh Sadaharu a Tokiyo a 1940. Ubansa mutumin ƙasar Sin ne mai ɗan gidan abinci, uwarsa kuwa 'yar Japon. A 1954, yana da shekara 14, yana wasa da 'yan unguwa a wani fili kusa da kogin Sumida, sai wani ɗan wasan ƙungiyar Mainichi Orions mai suna Arakawa Hiroshi ya tsaya kallo. Arakawa ya lura yaron bahago ne wajen jifa, amma yana bugu ta ɓangaren dama don haka ya ga wansa yana yi. Ya ba shi shawara ya juya ya buga ta hagu. Yaron ya gwada nan take, ya yi bugu mai kyau, bai kuma sake komawa dama ba.

Oh ya shiga lise ta Waseda Jitsugyo, inda Arakawa ma ya yi karatu. A 1957 shi ne mai jifar da ya kai makarantar ga cin gasar bazara ta Koshien, wadda dukan ƙasar take bi da ido. A 1959 babbar ƙungiyar Yomiuri Giants ta ɗauke shi, ta raba shi da jifa ta mai da shi mai bugu. Farkon bai yi daɗi ba. Ya tsaya bugu sau 26 a jere bai samu nasara ko ɗaya ba, kuma ya ƙare shekarar da nasara 16 cikin 100 da hom-ran 7 kaɗai. Da yake sunansa yana nufin sarki, 'yan kallo suka riƙa yi masa ba'a suna kiransa sarkin faɗuwa. Shekaru biyun da suka biyo ya yi hom-ran 17 da 13, abin da bai kai ga fatan da aka ɗora masa ba.

A 1962 shugaban 'yan wasan Giants, Kawakami Tetsuharu, ya ɗauko Arakawa a matsayin malamin bugu, ya damƙa masa Oh.

Cutar da maganinta

Arakawa bai fara da ba shi sabon salo ba, sai da ya gano inda aibin yake. Oh yana da wata ɗabi'a: in ƙwallo ya taso, sai ya ɗan ja hannuwansa baya kafin ya kai bugu. Wannan ɗan motsi yana cinye masa lokacin da ba ya da shi, don haka jifa mai sauri, musamman wadda ta matso jikinsa, takan riga shi. Masu jifa sun gane haka, suna kuma cin amfaninsa.

Maganin da malamin ya kawo ya ba mutane mamaki. Ya umurce shi ya ɗaga ƙafar dama tun mai jifa yana shirin sakin ƙwallo, ya tsaya bisa ƙafar hagu kaɗai, hannuwa da sanda sun riga sun koma inda za su taso. Ta haka jan hannun da yake makarar da shi ya auku tun da wuri, babu sauran abin da ya rage sai sauke ƙafa da kaɗa sanda. Mutanen Japon suka kira salon bugun ƙafa ɗaya, Amurkawa kuwa suka kamanta shi da tsuntsun ruwa flamingo, mai tsayuwa irin ta zalɓe. Ranar 1 ga watan Yuli 1962, a filin Kawasaki, Oh ya fito da salon a gaban jama'a karo na farko, ya yi bugu uku masu nasara, ɗaya daga ciki hom-ran. Ya ƙare shekarar da hom-ran 38, ya fi kowa a gasarsu.

Sai dai tsayuwa bisa ƙafa ɗaya tana da nata haɗari. Mai jifa yana iya jinkirta sakin ƙwallo, ko ya sassauta gudunsa, har mai bugu ya gaji da jira ya faɗo gaba. Domin toshe wannan ƙofa ne Arakawa ya shiga horon da ya zama labari a Japon. Kusan kowane dare Oh yakan je gidan malamin, ya tuɓe ya bar ɗan kamfai kaɗai domin malam ya ga yadda kowace tsoka take aiki, ya yi ta kaɗa sanda a iska bisa tabarmar tatami har tabarmar ta yage, ƙafafunsa suka tsage. Arakawa ɗalibin aikido ne, ya kuma kai Oh wurin Ueshiba Morihei, wanda ya kafa wannan fanni na kokowa. Daga can suka ɗauko darasi biyu: mutum ya tara nauyinsa da hankalinsa a ƙasan cibiya, kuma ya iya jira har abokin karawa ya shigo inda yake so. Bayan haka malamin ya ba shi takobi na gaske, ya rataya siririyar takarda da zare, ya ce ya yanke ta da sara ɗaya. Takardar da ke lilo ba ta yankuwa da ƙarfin tsiya, iskar saran ma takan ture ta. Sai kaifin ya zo a miƙe, wuyan hannu ya karye a daidai lokacinsa. Abin da ake nema a bugun ƙwallo ke nan.

Hausawa sun ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya. Oh ya fi kowa hom-ran a gasarsu shekara 13 a jere, daga 1962 zuwa 1974, ya sake yin haka a 1976 da 1977. A 1964 ya yi 55, adadin da ba a wuce ba a Japon sai a 2013. Da shi aka ci kofin ƙasar sau tara a jere, daga 1965 zuwa 1973. Ranar 3 ga Satumba 1977 ya yi hom-ran na 756, ya haura 755 na Hank Aaron, kuma ya aje sanda a 1980 yana da 868. Amurkawa sukan tuna wa mutane cewa filayen Japon na lokacin sun fi nasu ƙanƙanta, kuma gasannin biyu ba ɗaya ba ne. Duk da haka babu wanda ya yi musun cewa saurayin da ake yi wa ba'a a 1959 horo ne ya mai da shi abin da ya zama.

Daga ƙasa ƙarfi yake tasowa

Abin da Arakawa ya gani da ido, na'urorin ɗaukar hoto sun tabbatar da mafi yawansa. Bugu mai kyau yana bin tsari guda, ko wane ne mai bugun. Da farko nauyi yana komawa ƙafar baya, hannuwa suna baya. Sannan ƙafar gaba ta taka ƙasa, hannuwan kuwa suna nan ba su motsa ba tukuna. Daga nan ƙugu ya juya, ƙirji da kafaɗu su biyo shi, sannan damatsa, sannan wuyan hannu, kan sanda shi ne na ƙarshe. Kowane sashe yana miƙa gudunsa ga na gaba, kamar yadda bulala take tara ƙarfin hannu a bakinta. Awon da babbar gasar Amurka ta fara bayyanawa a 2024 ya nuna kan sandar ɗan wasa matsakaici yana gudun kilometir 115 a awa ko kusa da haka. Damtse shi kaɗai ba ya iya ba da wannan gudu.

Kurakuran yara kusan duka karya wannan tsari ne. Wani yakan fara da hannu ya bar ƙugu a baya. Wani yakan miƙe damatsa tun da wuri, sandar ta yi dogon zagaye ta makara. Wani kuma yakan zuba dukan nauyinsa gaba kafin ƙwallo ya iso, in jifar ta zo a hankali ba ya da sauran abin bugu. Akwai kuma mai ɗauke kai yana duban inda yake fatan ƙwallon zai tafi.

Kowane kuskure yana da horon da aka tanada dominsa. Mafi sauƙi shi ne turke: a ɗora ƙwallo bisa wani bututun roba mai tsayi daidai ƙugu, yaro ya buga shi yana tsaye cik. Da yake babu batun lokaci, hankalin yaro da idon malam suna komawa ga motsin jiki kaɗai. A Amurka da turke ake fara koya wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, amma ba na yara ba ne su kaɗai. Tony Gwynn na San Diego, wanda ya fi kowa yawan nasara a gasarsu sau takwas, bai rabu da turke ba har ya bar wasa, kuma yana cikin na farko da suka riƙa ɗaukar bugunsu a bidiyo suna dubawa. Bayan turke sai jifar kusa, inda malam yake durƙusawa a gefe yana cilla ƙwallo a hankali. A Japon kuwa uwar horo ita ce suburi, wato kaɗa sanda a iska babu ƙwallo, kalmar da aka aro daga masu koyon takobi. Daga 1993 Nagashima Shigeo ya horar da Matsui Hideki da ita, yana auna kyan bugun da ƙarar da sanda take yi in ta tsaga iska, har ta wayar tarho yakan saurara bayan Matsui ya koma New York.

Abin da malam yake faɗi da abin da jiki yake yi

A nan ne gardamar malamai ta fi zafi. Arakawa ya koyar da cewa a saro ƙwallo daga sama zuwa ƙasa, kamar saran takobi, kuma malaman yara da yawa a Japon sun bi shi. Ted Williams, a littafin da ya wallafa kan bugu a farkon shekarun 1970, ya ce akasin haka. Hujjarsa ita ce mai jifa yana tsaye bisa tudu, ƙwallon kuma yana gangarowa ne, saboda haka sandar da ta ɗan hau sama kaɗan ita ce take daɗewa bisa hanyar ƙwallon. Hotunan da aka sassauta gudunsu sun goyi bayan Williams: sandar gwanaye takan fara da gangara, sannan ta miƙe, ta kuma ɗan hau sama lokacin da ta haɗu da ƙwallo.

Wannan bai mai da horon Arakawa banza ba. Umurnin sara ƙasa yana hana yaro sakin kan sanda ta faɗi bayansa, yana kuma gajarta hanyar hannu. Ga yaron da wannan ce matsalarsa, maganar ta yi aiki ko da ba ita ce ainihin abin da jikinsa yake yi ba. Ga yaron da ba ya da matsalar, in ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, zai yi ta dukan ƙwallo cikin ƙasa. Hakanan umurnin da kowane malami yake bayarwa, cewa a bi ƙwallo da ido har ya taɓa sanda. Binciken da Terry Bahill da Tom LaRitz suka wallafa a 1984 ya nuna ido ba ya iya bin ƙwallo mai sauri har ƙarshen tafiyarsa. Amfanin umurnin shi ne yana sa yaro ya tsai da kansa wuri ɗaya.

Haɗarin tilasta salo guda ga kowa ya bayyana a labarin Suzuki Ichiro. A ƙungiyar Orix yana da wani salo na lilo da ƙafar gaba, shugaban 'yan wasan na lokacin, Doi Shozo, bai yarda da salon ba, don haka saurayin ya shafe yawancin 1992 da 1993 a ƙungiya ta biyu. A 1994 sabon shugaba, Ogi Akira, ya bar shi da salonsa. A shekarar ya yi bugu 210 masu nasara, abin da ba a taɓa yi ba a Japon, ya kuma riƙe kambun gasarsu shekara bakwai a jere. A 2004, yana wasa a Seattle, ya yi 262, ya karya adadin da ya tsaya tun 1920. Ichiro ba mai gudun horo ba ne, tun yana ƙaramin ɗan lakwal ubansa yake fita da shi kusan kullum. Abin da ya ƙi shi ne a sauya masa abin da ke aiki don kawai bai yi kama da na littafi ba. Shi ma salon ƙafa ɗaya, 'yan wasa da dama sun kwaikwaye shi bayan Oh, kaɗan ne suka ci riba, domin an ɗinka shi ne daidai da aibin mutum ɗaya.

Iyakar maimaici

Turke da suburi suna gyara motsin jiki, amma ba su koyar da gane jifa, alhali rabin bugu ke nan. A 1994 Kellie Hall da abokan aikinta suka wallafa wani gwaji da suka yi da 'yan wasan wata makarantar gaba da lise a Amurka. Suka raba su kashi uku. Kashi biyu sun samu ƙarin horo sau biyu a mako har mako shida, kowane zama jifa 45. Na farko ana yi musu jifa mai sauri 15, sannan mai lanƙwasa 15, sannan mai sassauci 15. Na biyu kuwa ana cakuɗa musu jifar, ba su san wadda ke tafe ba. Na uku ba su samu ƙarin komi ba. Da aka zo jarrabawa, waɗanda aka cakuɗa wa jifa su ne suka fi kowa ci gaba, da rata mai yawa. Horon da ya fi daɗin kallo, inda yaro yake ta buga iri guda yana burge iyaye, ba lalle ba ne ya bi shi zuwa ranar wasa.

Yaran Jamhuriyar Dominikan sun samu irin wannan horo ba tare da malami ba. A titunansu ana wani wasa mai suna bitiya, inda murfin robar babbar gorar ruwa yake zama ƙwallo, sandar tsintsiya kuma abin bugu. Murfin yana shawagi yana karkacewa yadda ya ga dama, sandar kuma siririya ce, don haka ido da hannu suna koyon gyara kansu a kowace jifa. Ƙasar, duk da ƙanƙantarta, ta daɗe tana gaban sauran ƙasashen waje wajen yawan 'yan wasa a babbar gasar Amurka.

Akwai kuma batun lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen icce yana tsagewa in an matsa. Oh yana da kusan shekara 22 lokacin da ya shiga ɗakin Arakawa, ƙashinsa ya riga ya ƙosa. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 da aka sa shi ya murɗa bayansa sau ɗaruruwa kowace rana ta ɓangare guda yana iya samun tsaga a ƙashin gadon baya, ciwon da likitocin wasanni suka sani ƙwarai, wanda kuma yakan raba yaro da fili watanni. A watan Janairu 2019 Tsutsugo Yoshitomo, babban mai bugun ƙungiyar Yokohama a lokacin, ya tsaya gaban 'yan jarida a Tokiyo ya soki yadda ake horar da yara a ƙasarsa: dogon horo, tsawa da zagi, da fifita cin wasan yau bisa makomar yaro. Ya kafa hujja da abin da ya gani a Dominikan, inda ya yi wasa a ƙarshen 2015, ya tarar ana barin yara su yi kuskure ba tare da tsoro ba.

In an haɗa waɗannan duka, aikin malamin yara ya fito fili. Ya fara kallon yaro yana bugu kafin ya ce komi. Ya nemo aibi guda, wanda ya fi cutar da shi, ya zaɓi horon da ya dace da wannan aibi, ya gaya wa yaron dalili. Ya taƙaita yawan bugu daidai da shekarun yaro, ya dakata in yaron ya ce bayansa yana ciwo. Abin da aka gyara a turke kuma a kai shi gaban jifa ta gaske, mai sauyawa, domin a ga ko ya zauna. Yaron da yake bugu da kyau da salonsa, a bar masa salonsa.

Arakawa ya ci gaba da koyar da yara da matasa har tsufansa, ya rasu a watan Disamba 2016 yana da shekara 86. Oh kuwa, bayan ya bar wasa, ya jagoranci Giants da Hawks na Fukuoka, ya kuma kai Japon ga cin gasar duniya ta farko a 2006. Shi da Hank Aaron, mutumin da ya haura adadinsa, suka haɗa kai suka kafa wani taron koyar da besbol ga yaran ƙasashe daban-daban, wanda aka fara a Los Angeles a 1990. Yaran da ake gayyata 'yan shekara goma ne zuwa sha ɗaya, da yawansu daga ƙasashen da wasan bai kafu ba.